Yadda na bi da wayar batir daga but zuwa inji

Da muka sauya wa tsohuwar Golf ɗina inji, sabon ya cinye wurin da batir yake zama a ƙarƙashin bonet, sai ya zama dole a mayar da batirin but. Wannan ba baƙon tsari ba ne, domin motocin BMW da yawa haka suke fitowa daga kamfani da batirinsu a baya. Bambancin shi ne, su injiniyoyi ne suka tsara musu hanyar da waya za ta bi, ni kuwa daga ni sai mai wayarin na unguwarmu.

Da farko mun yi gardama a kan kaurin waya. Shi ya ce wadda ke hannunsa mai lamba 16 za ta wadatar, tunda ya sha sa wa mutane ita a aikin amfilifaya, ni kuma na ƙi. Lambar nan faɗin bakin jan ƙarfen ce a ma'aunin murabba'in milimita. Kik, wato na'urar da ke murza inji ya tashi, yana iya jan amp 200 ko fiye a lokacin tayar da mota, kuma daga but zuwa inji waya za ta kai mita 5. Idan aka yi lissafi da jan ƙarfe zalla, mai lamba 16 za ta cinye fiye da bolt 1 a hanya daga cikin 12 da batir yake bayarwa, yayin da mai lamba 50 ba za ta cinye ko rabin bolt ba. Bolt ɗayan nan shi ne bambanci tsakanin motar da ke tashi da bugu ɗaya da wadda ke nishi da safiyar hunturu. Na sayi mai lamba 50, irin ta masu walda, saboda tana lanƙwasuwa ba gardama. A kasuwa kuma sai an lura, domin akwai wayar alminiyum da aka shafa wa jan ƙarfe a sama; ba ta da nauyi a hannu, idan aka kankare silinta fari yake bayyana, kuma wutar da take ɗauka ba ta kai ta jan ƙarfe zalla ba.

Amma kauri shi ne ƙaramin al'amari. Abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne hanyar da wayar za ta bi, domin dukkan ƙarfen jikin mota a haɗe yake da baƙin kan batir, saboda haka duk inda jar waya ta goge ta taɓa ƙarfe, batir zai juye ɗaruruwan amp a wurin nan take, robar ta narke, kafet ya kama. Mai wayarin ya so mu bi ta ƙarƙashin mota don sauƙi, amma da na duba na ga salansa a gefe guda, bututun mai da na birki a ɗaya gefen, ga kuma gargadar hanyoyinmu da tudun rage gudu da ke kartar cikin mota, sai na zaɓi mu bi ta ciki, ta ƙarƙashin kafet, a gefen ƙofofi. Mun kauce wa layin da kujera ke zamewa a kai, da duk inda ƙafar fasinja ke takawa, da kusoshin bel.

Wuri mafi haɗari shi ne bangon ƙarfen da ya raba ɗakin inji da cikin mota. Bakin hujin da aka huda a jikinsa kaifi gare shi, kuma girgizar mota tana sa shi ya yi ta cin robar waya a hankali, wata da watanni, ba tare da kowa ya gani ba. Na ga masu naɗa salatif a wurin su wuce, alhali zafin inji yana narkar da gam ɗinsa cikin 'yan makonni. Mu mun goge bakin hujin, muka shafa fenti saboda tsatsa, muka sa zoben roba mai kauri, sannan muka zura wayar cikin tiyo tun daga but har inji. Bayan haka muka kama ta da maɗauran ƙarfe masu rufin roba, tazarar kamu ɗaya da rabi tsakanin kowane biyu, aka ɗaure su da noti. A ƙarshenta kusa da kik mun bar ɗan sassauci, domin inji yana motsi a kan mazauninsa, wayar da aka ja tsam kuwa a bakin kanta take tsinkewa.

Fiyus mai amp 250 mun sa shi dab da batir, ƙasa da kamu ɗaya daga jan kai. Aikinsa kare waya ne, don haka idan aka kai shi can gaba kusa da inji, an bar mita 5 ba mai gadi. Baƙar wayar kuma gajeriya muka yi ta, mai kauri ɗaya da jar, muka kankare fenti har ƙarfe ya fito fes kafin mu ɗaure ta a jikin mota, muka kuma ƙara wata daga inji zuwa bodi. Shi kansa batirin an dasa shi a akwati da sanda a kansa, da siririn tiyo da ke fitar da iskarsa waje, domin batir mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin idan yana caji, ita kuwa tartsatsi kaɗan take jira.

Bayan damina ta wuce na ɗaga kafet na bi wayar da hannu daga baya har gaba. Maɗauri ɗaya na tarar ya saki a ƙarƙashin kujerar baya, har tiyon ya fara gogewa a wurin, sai na sauya shi na ƙara wani a kusa da shi.