Littafin da nake ajiyewa a ƙarƙashin kanta

Shekarata ta farko a wani kantin magani a Agege, Legas, ilimina yana jere ne yadda aka koya mana a makaranta: sunan magani, aikinsa, illarsa. Wata rana wata mata ta shigo da goyo, ta zazzage baƙar leda a gabana. Ga lisinopril na hawan jini, ga ibuprofen na rage ciwo, ga ragowar tetracycline na kashe ƙwayoyin cuta. Har na fara bayani, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Anti, wata uku ke nan ban ga al'adata ba."

Gabana ya faɗi. Lisinopril na iya lalata ƙodar ɗan tayi, tetracycline na ɓata haƙoran yaro, ibuprofen kuma ba a son shi idan ciki ya tsufa. Duk na san wannan, amma kowanne yana can shafinsa daban a kaina, kuma ban tambaye ta komai ba kafin na buɗe baki. Na tura ta asibiti a ranar, likita ya mayar da ita kan methyldopa, maganin hawan jinin da ake ba masu ciki.

Daren nan na sayi babban littafi na sake tsarin komai. Maimakon sunan magani, shafukan suka koma watannin ciki: wata ɗaya zuwa uku, huɗu zuwa shida, bakwai zuwa haihuwa, sai mai shayarwa, sai yara bisa nauyinsu.

Da na fara cikewa ne na ga yawan gurbin da babu abin rubutawa. Takardar cikin kwalin magani ta kan ce wai ba a tabbatar da lafiyarsa ga mai ciki ba, ni kuwa da ina ɗauka hakan na nufin an gwada an ga matsala. Ashe galibi ba a gwada ba ne. Bayan thalidomide, maganin da aka riƙa ba masu ciki don tashin zuciya, ya sa an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa a ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1960, tsoro ya kama masu bincike, har Amurka ta cire matan da ke iya ɗaukar ciki daga gwajin farko na magunguna a 1977, ba ta sassauta ba sai 1993. An yi don kare su, amma sai ya zama mai ciki tana shan maganin da aka auna a jikin wasu. Mu ma muna da namu tabon. Duk wanda ya tashi a Kano ya ji labarin gwajin maganin Trovan a kan yara lokacin sanƙarau na 1996, don haka ba na ganin laifin uwar da ta ji kalmar bincike ta ja ɗanta jikinta.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na zazzaɓin cizon sauro. Na daɗe ina cewa mai ƙaramin ciki kinin kawai za ta sha, alhali tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da artemether-lumefantrine a watanni ukun farko. Wata ƙaramar likita ce ta gyara min a waya. Tun daga nan kowane layi a littafin sai na rubuta shekararsa da inda na samo shi, da fensir.

Na yara kuwa sai da na sayi sikeli. Parasitamol ana auna shi ne da nauyi, miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo, amma iyaye shekaru suke faɗa, kuma "cokali ɗaya" a wani gidan na shayi ne, a wani na cin shinkafa. Yanzu sirinji nake bayarwa, in ja layi da biro daidai inda za a tsaya.

Jiya wani mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya zo saya wa matarsa maganin ciwon baya. Na ce, "Malam, tana da juna biyu?" Ya yi shiru, ya kalli ƙasa, sannan ya ciro waya ya miƙo min in tambaye ta da kaina.