Alhamis a Damagaram: ƙidayar wata, ƙuri'ar 1958 da fim ɗin dare

Yau ranar kasuwar Dole ce, gari ya cika tun da hantsi. Na sayo hatsi da kayan miya, na dawo a kabu-kabu rana na dukan ƙeya. Wuta babu tun safe.

Ina sauke kaya ƙanwata, wadda ke shirin jarrabawar bak, ta ja ni ɗaki ta miƙo mini wayarta. Ta sa wata manhaja ta lissafin al'ada. "Yaya, duba, ta ce ranar Talata zan fara fashin salla." Na zauna bakin gado na bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya: ranar da jini ya zo, yawansa, ciwon mara, ƙurajen fuska, barci, har da halin da zuciya ke ciki. Abubuwan da ko Inna ba ta taɓa tambayarta ba, duk ta rubuta su.

Ni ban ƙi abin ba. Yarinya ta san ranar da za ta sa auduga a jaka kafin ta tafi lakwal, ta san azumi nawa ake bin ta in watan ramuwa ya zo, in kuma ta je wurin likita ba sai ta tsaya tana "ina jin kamar" ba. Wannan amfani ne na gaske. Amma na ce mata kada ta bar waya ta yi mata fatawa. Manhajar tana farawa ne da kwana 28, alhali daga 21 zuwa 35 duk lafiya ne, jikin budurwa kuma bai gama daidaita ba. A islamiyya mun karanta cewa a mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, mai sabo tana iya ƙara kwana uku a kan sabonta, tsarki kuwa da bushewa ko farin ruwa ake gane shi. Da ido ake ganin wannan, waya ba ta gani.

Abin da ya fi damuna shi ne inda bayanan ke tafiya. A 2021 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta zargi kamfanin Flo, mai irin wannan manhaja, da miƙa bayanan lafiyar mata ga Facebook da Google bayan ya yi alkawarin sirri, aka ƙare da sulhu. A 2022, da kotun ƙolin ƙasar ta soke hukuncin da ya kare zubar da ciki, mata da yawa suka goge irin waɗannan manhajoji don tsoro. Mu nan ba sai an je nesa ba. Wayar nan tana wuni a teburin mai caji, ƙanenmu yana ara ya yi wasa, ƙawa tana karɓa ta kalli hoto. Na sa ta ta kulle manhajar da lambar sirri. Na kuma ba ta labarin sarƙar ƙidaya da ungozoma ke nuna wa matan aure, mai duwatsu 32, ja ɗaya na ranar farko. Ba ta neman caji, ba ta kai rahoto ko'ina.

Bayan la'asar Kawu ya zo, aka ɗora shayi. Ƙanwata ta fito da littafin tarihi, sai ga shi ta kai kan ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, wadda Janar de Gaulle ya kawo: a zauna cikin tarayya da Faransa, ko a ɗauki ƴanci nan take. Kawu ya ajiye kofi. Ya ce shi yaro ne a lokacin, amma mahaifinsa ɗan jam'iyyar Sawaba ne, mai alamar raƙumi, kuma har ya rasu bai yarda da sakamakon ba. Djibo Bakary, shugaban Sawaba, ya ce a jefa "a'a", Diori Hamani da jam'iyyarsa ta RDA suka ce "i", Faransa ta turo sabon gwamna, Colombani, ana gab da zaɓe. Aka ce a Nijar "i" ta samu kashi 78 cikin ɗari, mutanen da suka fito kuma ba su kai rabi ba. Gine ta Sékou Touré kaɗai ta ce a'a, ta samu ƴanci ranar 2 ga Oktoba. Mu sai 3 ga Agusta 1960, bayan an haramta Sawaba a 1959.

Na ce, "Kawu, ku a ganinku irin wannan ƙuri'a ɓata lokaci ce?" Ya ce a'a, tambayar mutane ba laifi ba ne, sai dai a duba wa ke riƙe da akwati. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. A Sikotilan a 2014, a ƙuri'ar rabuwa da Birtaniya, ɓangarorin biyu sun amince da ƙa'ida tun kafin a jefa, masu son zama suka samu 55, masu son rabuwa 45, kowa ya karɓa. A Sabuwar Kaledoniya kuwa, a 2021, masu neman ƴanci daga Faransa sun roƙi a ɗage ƙuri'ar saboda makokin korona, aka ƙi, suka ƙaurace, sai aka ce masu son zama sun samu 96 cikin ɗari. Wannan lamba ba ta gamsar da ni ba ko kaɗan. Sudan ta Kudu ta zaɓi rabuwa da Sudan da kusan 99 cikin ɗari a 2011, yaƙin basasa ya ɓarke a Disamba 2013, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Wuta ta dawo bayan isha. Ƙanenmu ya kunna fim ɗin jiragen sararin samaniya, ana ta harbe-harbe da haske. Minti kaɗan na gaji. Ina son ƙagen kimiyya sosai, amma irin wanda ke tambayar yadda talaka zai rayu: wa zai mallaki ruwa, wa zai gyara na'ura in ta lalace, me uwa za ta dafa. Duk wanda ya taɓa jiran mai garuwa a garin nan cikin watan Afrilu ya san labarin ruwa ya fi na bindiga tayar da hankali. Na ce musu ina son in karanta labari da Hausa, Damagaram bayan shekara ɗari, fadar Sarki na nan a Birni, duwatsun gari lulluɓe da faranta masu ɗaukar hasken rana, wata injiniya tana riƙe da makullin rijiyar da gari duka ke sha.

Ƙanenmu ya ce ba wanda zai saya in babu faɗa a ciki. Kawu, da na ɗauka gyangyaɗi yake, ya ɗago ya ce a sa masa ƴan Sawaba a labarin, shi zai fara biya.