Daren sha huɗu, ruwa da ƙarfinsa

Yau na yi sammakon banza. Jiya a bakin teku inda muke kamun kifi, ruwa ya fara kawowa da ƙarfe 6, sai na ɗauka yau ma haka ne. Ina isowa na tarar da kwalekwale zaune daram a kan taɓo, ƙananan kaguwa na ta kai-komo a gefensa. Baba mai kwalekwalen ya dube ni ya yi dariya: "Yaro, ai teku wata take bi." Kullum cikarta na ƙara jinkiri da kusan minti 50, tsakanin wata cika da wata kuwa awa 12 ne da minti 25. Na sani fa, mantuwa ce. Sauro ne suka ci ribar jiran.

Da ruwa ya taso muka bi shi cikin itatuwan mangurob, waɗanda saiwoyinsu ke tsaye a ruwan gishiri kamar ƙafafun gizo-gizo. Da yake wata ya cika, shi da rana sun haɗa ƙarfi wajen jan ruwa, sai ambaliyar ta kai har inda makon jiya busasshiyar laka ce. Kifi suka shige can cikin saiwoyi suna kiwon kaguwa da jatan lande. Muna jin facal-facal ɗinsu, amma ina! Sau biyu na jefa ƙugiya, sau biyu ɓawon kawa da ke manne a saiwa ya tsinke min zare.

Da tsakar rana ruwa ya tsaya cak. Ko taɓa koto ba a yi ba.

Sai da ruwan ya juya Baba ya ce mu tsaya a bakin wata 'yar ƙorama. Nan ne fa aka yi abin. Ruwa na janyewa yana kwaso ƙananan kifi daga cikin saiwoyi, hanyar fita ɗaya ce, manyan kuma sun yi kwanto a baki. A awa ta uku da ta huɗu bayan juyawar, lokacin da gudun ruwa ya fi ƙarfi, na kama huɗu, ɗaya ya kai tsawon hannuna. Jefawa kawai nake sama da bakin, in bar ruwa ya kawo koton da kansa.

Na so in ƙara jefawa ko sau ɗaya. "Haba Baba, minti biyar!" Bai ce uffan ba, ya caka gora ya nuna min ruwan bai kai gwiwa ba. Muka fito ƙasan kwalekwale na gogar laka.

Gobe sai wajen 7:40. Na rubuta a tafin hannu.