Jan ƙugiya a bayan jirgi, inda na kai zuwa yanzu

Salam 'yan uwa masu koyon kamun kifi irina. Tambayar da aka fi yi min ita ce me ya sa na ajiye siririyar sandar nan na koma mai kauri, to bari in amsa gaba ɗaya kowa ya gani.

Yawancinmu a YouTube muka fara ganin salon nan, a saki ƙugiya a bayan jirgin ruwa yana tafiya tana biye da shi har kifi ya kawo cafka, kuma kusan duk bidiyon na turawan Amurka da Kanada ne suna kama trout a tafkunansu. Trout kifin ruwan sanyi ne, ya fi son digiri 10 zuwa 16, namu na Legas kuwa yawanci sama da 25 yake, saboda haka babu shi a nan. Su tafiyarsu kilomita 2 zuwa 4 ce a awa, sanda mai laushi, zare mai ɗaukar nauyin fam 6 zuwa 10. Mu abin da muke nema a bakin Tarkwa Bay da wajen duwatsun nan da suka tsare mashigar teku barakuda ne, wanda Yarbawa ke ce wa kuta, shi kam sai da gudu, kilomita 8 zuwa 11, in ka yi tafiyar turawan zai biyo ya leƙa ya juya abinsa. Yanzu sandata mai ƙafa 7 ce, ril (na'urar naɗe zare) irin wanda ke zama a saman sanda, zare fam 30, sai wayar ƙarfe kamar kamu biyu kafin ƙugiya don haƙoransa reza ne wlh, zaren roba ba ya jure su.

Abin da ya fi cin lokacina a 'yan makonnin nan shi ne gane gudun da ya dace. Lambar da GPS na wayar salula ke nunawa gudunka ne a kan ƙasa, kifin roban da ake ja da ƙugiya a jikinsa don yaudarar kifi kuwa ba ruwansa da wannan, ƙarfin ruwan da ke bugunsa kawai ya sani. Teku na cika ya janye sau biyu a rana, kuma idan ruwan lagun ya fara fita ta Commodore Channel, mashigar da ta haɗa lagun da teku, ƙarfinsa ba wasa ba, kana fuskantarsa waya na ce maka kilomita 5 amma kifin roban yana can yana juyi kamar farfela, in ka juyo kana bin ruwan kuma waya ta ce 10 alhali shi ya mutu ko motsi ba ya yi. Shi ya sa na daina kallon waya. Kafin in saki zare sai na fara jefa shi a gefen jirgi in ga rawarsa da idona, in ce wa direba ƙara ko rage har ta yi daidai, daga nan sai in sa ido a kan bakin sanda. Tana karkarwa ƙanana a jere, lafiya lau. Ta tsaya cak ta lanƙwashe kawai, to ka kwaso leda ko kainuwa, naɗo ka cire. Ledar pure water ɗin da ke ruwan nan kam Allah ya kyauta, da damina kuma kainuwa ta rufe ko'ina ruwan ya yi jajir, gara a jira rani lokacin da gishiri ya shigo ruwa ya washe.

Dabara ɗaya da na ɗauko daga masu trout ɗin kuma ta yi aiki a nan ita ce kada a tafi miƙe sambal. In jirgi ya karkata, ƙugiyar da ke ta waje tana ƙara gudu, ta ciki tana raguwa, kuma a daidai wannan canjin kifin da ke biye ya fi kai hari. Amma fa in sanda biyu kuka saki ku bambanta tsawon, ɗaya mita 30 ɗaya 45, in ba haka ba kwana ɗaya za su harɗe ku zauna kwancewa fetur na ƙonewa, kun san dai kuɗinsa yanzu, mu ma karo-karo muke yi.

Birkin ril kuma, wato abin da ke sakin zare in kifi ya ja da ƙarfi, kada ku ɗaure shi tamau. Ƙa'idar ita ce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren, wato fam 7 da rabi zuwa 10 a zare na 30, ni da ƙaramin sikelin hannu na 'yan kasuwa nake gwadawa a gida. Jirgi na tafiya kifi ya fizga, nauyi biyu ne suka haɗu, in birki bai saki ba zare ne zai tsinke. Kifin roban kamfanin Rapala mai dogon leɓe ya fi nutsewa, mai gajeren leɓe yana sama-sama, ni dai mai fari da jan kai ya fi yi min.

Don Allah rigar kariya a jiki ba a ƙarƙashin benci ba, kuma ku kauce wa hanyar manyan jiragen da ke shiga Apapa da Tin Can, ba sa iya tsayawa dominku. In an dawo a ɗauraye ril da ruwan famfo kafin gishiri ya cinye shi.

Abin da ban iya ba tukuna shi ne ɗaurin da ke haɗa wayar ƙarfe da zare ba tare da ya yi ƙato ba, shi nake koyo wannan satin. Fita ta gaba ta wajen Ilashe muke so mu gwada in Allah ya kai mu, akwai gurbin mutum biyu a jirgin, daga Obalende za mu haɗu bayan sallar asuba.