Kuɗi a hannu, amma aka ƙara mini farashi

Idan kana Amurka kuma kana shirin sayen sabon gidan tafi-da-gidanka, irin wanda ake ɗaura wa mota ta ja da suke kira RV, kada ka ajiye ko sisin kwabo na kafin alƙalami sai dillali ya rubuta maka abu biyu: jimillar abin da za ka biya kafin ka fita ƙofa, da kuma cewa farashin na mai biya lakadan ne. Na biyun nan shi ya ci mini dala 1,000.

A Columbus ta jihar Ohio muke zaune. Yara sun girma, ɗaki ɗaya a otal ba ya isar mu, ga wahalar neman abincin halal a hanya, sai uwargida ta dage a nemo mai ɗan kicin da gadaje masu hawa biyu. Na daɗe ina tara kuɗin daga aikin dare, don na yi wa kaina alƙawari ba zan ci bashin ruwa a kan abin shaƙatawa ba.

Lokacin da na shiga kasuwar ma ya yi mini daidai. A 2021, da korona ta sa kowa ke gudun jirgi da otal, masana'antun sun fitar da RV sama da 600,000. A 2023 abin ya faɗo kusan rabi. Ƙarshen shekarar filayen dillalai cike suke da kwantai, samfurin 2024 ya riga ya iso, sanyi ya kawo kai, babu mai tunanin kwanan daji. Kuma dillali ba da kuɗin aljihunsa yake cika fili ba, bashin banki ne, duk watan da kaya ya ƙara a ajiye ruwa na hawa kansa. Na kuma san cewa akasarin gidajen nan a yankin Elkhart na jihar Indiana ake ƙera su, kuma sunayen nan birjik da ke jikinsu yawanci na kamfanoni uku ne: Thor mai Jayco da Keystone, Forest River na Berkshire Hathaway, da Winnebago mai Grand Design. Tsarin ɗaki kusan iri ɗaya za ka same shi da suna daban-daban, don haka babu wanda zai tsorata ni da cewa wannan kaɗai ya rage.

Wanda muka zaɓa, dala 44,900 aka manna masa a taga. Wannan lambar ta ado ce, kowa ya sani. A intanet sun tallata shi 34,900. Na taya, yaron shagon ya shiga wajen manaja ya fito, na miƙe kamar zan tafi, ya sake shiga. Muka tsaya a 31,500, muka yi musabaha. Ya ce in ajiye dala 1,000 a cire shi daga kasuwa, na ba da kati, na sa hannu a wata 'yar takarda. Ranar na koma gida ina jin kaina.

Da Asabar muka dawo da cekin banki a aljihu. Ba yaron nan muka gani ba, wani ofishi aka kai mu can ciki, ƙarami, babu taga, wani mutum mai fara'a a bayan kwamfuta. Ya tambayi wane banki nake so su nemar mini. Na ce babu banki, ga ceki. Fara'ar ba ta gushe ba, sai dai ya ɗan juyo mini da allon kwamfutar ya nuna wani layi da bayan biro: wancan farashin na wanda zai ci bashi ta hannunsu ne, mai biya lakadan zai ƙara dala 2,000. A ƙasan wannan ga kuɗin dako 1,900, daga Elkhart da ba ta kai tafiyar rabin yini ba. Ga kuɗin dubawa da shiryawa 1,500. Ga kuɗin takardu. Kafin a zo maganar harajin jiha, abin ya haura 37,000.

Ni da na tashi ina ganin a kasuwar kara mai kuɗi a hannu ake yi wa ragi, ga shi kuɗin hannun ya zama laifina.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda dillali ya kai wa banki, akwai la'adarsa, kuma sau da yawa yana da damar ɗora wani abu a kan ruwan da bankin ya yanka. Bashin waɗannan gidaje kuma dogo ne, shekara 15, wani har 20. Saboda haka ragin da na sha gumi a kansa a waje, a cikin ofishin nan suke shirin mayar da shi da riba. Shi ya sa yaron ya yi ta tambayata nawa zan iya biya a wata, ni kuwa ina cewa mu yi maganar farashi. Ya ji ni sarai. Bai taɓa tambayata yadda zan biya ba, kuma yanzu na tabbata da gangan ne.

Mutumin ya kawo mini abin da ya kira mafita: in karɓi bashin, in bari ya yi wata shida, sannan in biya gaba ɗaya. Wata shidan saboda idan ka biya da wuri bankin yakan karɓe la'adarsu. Na san mutane da yawa haka suke yi, ba kuma fatawa nake bayarwa ba, amma ni abin da na yi ta guje wa ke nan. Na ce to a ba ni kafin alƙalamina. Sai ya zaro 'yar takardar nan, ga sa hannuna, ga layi da ƙananan haruffa cewa ba a mayarwa. Uwargida ta taɓa ni ta ce, "Maigida, tashi mu tafi, kada ranka ya ƙara ɓaci." Muka tashi.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki wani dogon lokaci ba. Na daina zuwa fili. Na rubuta saƙon imel guda na tura wa dillalai a Ohio da Indiana da Michigan: ga samfurin, ga shekarar, ina biya da cekin banki, ba bashi, ba musayar tsohuwa, ku rubuto mini jimilla da kowane kuɗi a layinsa. Wasu suka yi shiru. Wasu suka kira suna cewa in zo mu zauna, waɗannan ban ɓata lokaci da su ba, don wanda ya ƙi rubuta lamba yana da abin da yake ajiye maka a ofishi marar taga. Wani a Indiana ya rubuto 32,800 da komai a ciki ban da haraji. Na mayar masa da tambaya ɗaya, ko farashin zai canza tunda ba bashi zan ci ba. Ya amsa a rubuce cewa a'a. Sai a lokacin na ajiye kafin alƙalami, shi ma da sharaɗin za a mayar idan na duba ban gamsu ba.

Ko da an haɗa da dubun da ta salwanta, na fita da sauƙin sama da dala 3,000. Lissafin ya yi kyau a takarda, amma dubun nan ba ta daina yi mini ciwo ba, musamman da na farkon suka kira daga baya wai manaja ya amince a cire 2,000 ɗin. Ashe ana iya cirewa.

A Indiana ma an gwada sayar mini da ƙarin garanti da maganin kare fenti, na ce albarka. Maimakon haka na roƙi gyara, suka ba ni ƙarfen haɗa gidan da mota mai rarraba nauyi, suka kuma ɗaura shi kyauta. Cekin bai bar aljihuna ba sai da aka jona ruwa da wuta da gas, na kunna firji da hita, na buɗe kowane famfo ina leƙa ƙarƙashi, na hau tsani na bi likin rufin da ido. An samu ɗigo a bayan wurin wanka, suka gyara ina tsaye. Kafin ka biya ana gyara nan take, bayan ka biya sai ka shiga layi.

Layin nan kuma shi ne kuɗin sayen nesa. Garantin kamfani na shekara ɗaya ne, amma dillalan kusa da gida kan fara da waɗanda suka saya a wajensu, kai baƙo ka jira. Da injin ɗumama ruwa ya fara gardama a bazara, na kira na kusa da mu aka ba ni lokaci can ƙarshen hutun yara, sai na ɗaura shi na koma Indiana aka gyara.