Abin da Na Fito da Shi daga Aikin Raɗa wa 'Ya'yan Dara Suna

Na ajiye aiki a kamfanin da muke ƙirƙirar sabon salon darar ces, mai dodanni da matsafa a madadin doki da bishop. Har yau sunayen da aka raɗa wa 'ya'yan darar nan na ci mini rai.

Shugaban sashenmu ya kafe cewa kowane ɗan dara sai ya ɗauki suna daga harshen da ya ƙaga wa duniyar tatsuniyarsa, baƙaƙe cunkushe, ba mai iya furtawa. Na ce masa mai wasa tambaya ɗaya yake yi idan ya ɗaga ɗa: yaya wannan yake tafiya? Na kawo masa misalin Dragonchess, wani salon ces da Gary Gygax ya fitar a 1985, mai alluna uku: masu fukafukai a allon sama, wadanni kuma a na ƙarƙashin ƙasa. Daga jin suna ka san mazaunin kowa. Ya ce ni ba ni da basirar ƙirƙira.

Ranar gwaji masu wasa suka fi daɗewa kan takardar dokoki fiye da kan allo. Uku daga cikin sunayen da shugaban ya ƙaga da harafi ɗaya suka fara, rubuta motsi ma ya gagara. A taro sai ya ce bayanina ne bai fita ba. Kowa ya san gaskiya, ba wanda ya ce uffan.

Kuma fa ruɗanin daɗaɗɗe ne a wannan fage. Ɗan da ya haɗa tafiyar bishop da ta doki, Capablanca, tsohon zakaran ces na duniya, ya kira shi akbishop, mai ƙirƙirar wasanni Christian Freeling ya ce kadinal a 1984, a salon ces na Seirawan na 2007 shaho ne, masu tsara ƙalubalen ces kuwa gimbiya suke ce masa. Abu ɗaya, suna huɗu, ga namu na biyar da ya fi su wuyar riƙewa.

Sauran darussan gajeru ne. Rubuta motsi da alamomin Ralph Betza, wato haruffan da ke nuna tafiyar kowane ɗa, tun kafin a yi maganar suna. Kada 'ya'ya biyu su haɗa harafin farko. Duk shawarar da ka bayar, ka aika ta a rubuce.

Na ji a bugun da za su fitar an koma kan jerin sunayen da na gabatar tun farko. Sunan wani ne a ƙasan takardar.