Kulorokwin da na ba Baba a lokacin kullen korona

A watan Maris na 2020, kwana kaɗan bayan Donald Trump ya yabi kulorokwin, maganin zazzaɓin cizon sauro, a gaban 'yan jarida cewa zai iya maganin korona, na shiga wani kemis a Sabon Gari na sayi kati biyu. Kuɗinsa ya riga ya tashi, ko ciniki ban tsaya yi ba. Baba ya haura saba'in, ga hawan jini ga ciwon suga, kuma ana ta cewa korona tsofaffi take ɗauka. Da labari ya zo cewa Gwamna El-Rufai ma ya kamu, sai na fara ba shi safe da yamma, a zuwan rigakafi.

Ko ɗar ban ji ba, don da maganin nan muka tashi. Mun san ɗacinsa, mun san ƙaiƙayin da yake sa mutum ya kwana yana susa. Sabon da muka yi da shi ne ya rufe mini ido. Na ga labarin waɗanda aka kwantar a Legas saboda sun zarce ƙima, na wuce abina.

Rana ta huɗu bayan Magariba na tarar da shi a kan buzu, carbi ya suɓuce gefe, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

"Ɗan nan, ƙirjina sai ya buga ya tsaya, ya sake bugawa."

A asibiti na zazzage ledar magungunansa a kan tebur. Likita ta ɗaga katin. "Malam, wa ya ce ka ba shi wannan?" Na rasa bakin magana. Ta nuna mini takardar awon zuciyarsa, ta ce kulorokwin yana jinkirta shirin da zuciya ke yi tsakanin bugu da bugu, har ya iya rikita ta, musamman ga tsoho ko wanda ya haɗa shi da azithromycin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta. Yana kuma sauke suga, ga Baba dama yana kan maganin saukewa. Ko an daina sha, sai ya yi makonni bai gama barin jiki ba.

A watan Yuni babban gwajin da jami'ar Oxford ta jagoranta ya nuna hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin, bai rage mutuwar masu korona ba, Amurka ma ta janye izinin gaggawa da ta bayar na amfani da magungunan biyu kan korona.

Baba ya warware, alhamdu lillahi, kuma bai taɓa tayar mini da zancen ba. Shirunsa ya fi faɗa yi mini ciwo. Yanzu ko Panadol zai sha, sai na fara buga wa likitarsa waya.